Dadda Bihi da Kwaɗin Ƙasan Tafki

A makon da Lalla Ijja ta shiga takaba ta sa fararen kaya, masu gaisuwa sun yi ta zuwa da sukari da gurasa har kwana bakwai, daga nan ƙafa ta ɗauke. A safiya ta takwas ta ji motsi a kan katangar tsakar gida. Ta ɗaga kai, sai ta ga hannu, hannu kawai, baƙi mai jijiyoyi, yana ɗora fasasshen murfin tukunyar yumɓun da ake kira tajin, baki sama, yana tokare shi da duwatsu uku. Hannun ya koma ya dawo da buta, ya zuba ruwa, ya marmasa gurasar sha'ir a gefe. Sannan murya ta fito daga bayan katanga.

"Lalla Ijja, gidan da ba motsi cin mai shi yake yi. Ga baƙi nan tafe, kuma ba sai kin dafa musu shayi ba."

Dadda Bihi ne, mai riƙe da sandar ruwa ta ƙauyen Tiwazar. Kafin azahar tibibit biyu sun sauka, 'yan tsuntsayen nan masu kai ruwan toka da ake cewa na waliyyai ne, ba a jifansu, ba a korarsu ko ɗaki suka shiga. Da su ta ƙarasa wata huɗu da kwana goma. Aka shekara shida murfin yana inda ya ajiye shi.

Bihi gajeren mutum ne, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, saboda shekara goma sha ɗaya da ya yi yana dako a kasuwar Marrakesh. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata biyu suna aure a Damnat. Jallabiyarsa ta ulu guda ce, faci a kan faci. Ba shi da gona sai bishiyar zaitun biyu, shi ya sa dattawa suka ba shi sanda shekara goma sha tara da suka wuce, don wanda ba shi da fangali ba shi da wanda zai fifita. Ladansa mudun sha'ir daga kowane gida idan an yi girbi.

Aikinsa ɗaya ne. Ruwan marmaro yana kwana yana taruwa a tafkin da kakanni suka gina da dutse a saman ƙauye. Da safe Bihi ya tsaya da sandarsa mai tsaga goma sha biyu, ya kafa ta a kan wani faffaɗan dutse a ƙasan tafkin kusa da matoshi, ya zare matoshin, ya riƙa juya ruwa gida bayan gida, daga tsagar sama zuwa ta ƙasa. Tsaga biyu na ƙarshe a ranar Talata na gidan Mbarak ne, mijin Ijja, tun zamanin kakansa.

Da mutane ba ya doguwar magana, amma ya san lokaci ta bakin halittu. Idan shamuwa ta bar kan hasumiyar masallaci, ya ce a tara itace. Idan gwara suka fara cunkushewa a rumbun kara, ya ce a gyara rufi. Kwaɗi ne dai agogonsa na gaske. Da rani sukan hana masu kwana kusa da tafki barci. Kaka na yi sai muryoyi su ragu, su koma goma, su koma uku, a bar wani tsoho mai kaurin murya shi kaɗai yana kira ba mai amsawa. Ranar da shi ma ya yi shiru, Bihi yakan sauko ƙofar masallaci ya ce, "Sun shiga." Mata su fito da barguna.

Lambun Ijja fangali bakwai ne a can ƙasan gangare. A zamanin Mbarak tsaga biyu sukan shayar da bakwai ɗin, har rummanin da ke kusurwa ya samu ragowa. Shekarar da ta fita takaba rummani bai samu ba. Ta ce idonta ne. Shekara ta gaba ruwa ya tsaya a rabin na bakwai. Ta bi magudanar da ƙafa daga ƙasa har sama tana toshe ramukan ɓeraye. A kakar da muke magana, ruwan sama ya yi jinkiri, ta shuka wake da albasa, ruwa ya shiga fangali biyar ya leƙa na shida ya ɗauke.

Ijja ba mace ce mai surutu ba, amma idonta ba ya barci. Ta lura Bihi yana fitowa daga tafki bayan sallar asuba da kwando rufe da buhu, mai nauyi, yana ɗiga, ya bi ta bayan tudu, hanyar da ke fita gonar tuffa ta Hajji Assu. Ta lura tuffar Hajji ta yi ɓul-ɓul a shekarar da zaitun kowa ya yamutse. Ta lura idan sun haɗu a hanya Bihi yakan gaishe ta yana kallon takalminsa. Ga kuma 'yan kyaututtuka da suka fara zuwa: yau karas a bakin ƙofa, jibi kwalbar mai wai daga 'yarsa. Sai ta tuna shekara biyar ke nan ba a yi gayyar yasar tafki ba. Wata shekara ya ce maza suna kan zaitun, wata ya ce bayansa, wata ya ce idan aka bar ginin a bushe cikin sanyi zai tsage. Ba wanda ya matsa, don ba mai marmarin tsayawa cikin laka mai sanyi har cinya.

Ta yi istigfari, ta ce zato zunubi. Zaton ya koma gefe ya zauna yana jiranta.

Ranar Lahadi suna tsintar zaitun a tsakar gida ita da Zayna, matar Haddu ƙanen marigayi Mbarak, sai maganar ta suɓuce mata. Ba ta ce ya yi sata ba. Ta dai jera abin da ta gani, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jera ƙwai. Zayna ta ajiye faifai.

"Ke dai Lalla Ijja, Allah ya yi ki da zuciyar tantabara. Ya ba ki karas uku ya ɗauke miki fangali biyu. A irin wannan ciniki ni ma sai in buɗe shago."

Ijja ta ce ai a gaban mutane yake kafa sanda, ta ina zai rage?

"Ta ƙasa mana. Tiyo ne binne a cikin laka, ya bi ta ƙarƙashin gini ya fita gonar Hajji. In ba haka ba me ya sa yake tsoron a yashe? Ruwa ba ya tsami banza."

Kafin magariba Haddu ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa haƙƙin gidan yayansa ba zai salwanta yana raye ba, ranar Juma'a zai ta da maganar a gaban dattawa. Shekara shida bai taɓa ɗaukar fartanya ya taya ta juya ruwa ba. Kowa kuma ya san ya daɗe yana kallon sandar nan da mudun sha'ir da ke bin ta. Ijja ta so ta ce a dakata, amma magana zarar bunu ce. Da gari ya waye maganar ta riga ta zaga ƙauye. A ƙofar masallaci wani ya tambayi Bihi nawa tsaga take a kasuwar bana, wani ya kira shi surukin Hajji. An ce sai ya sa takalminsa ya hau tudu.

Ranar Litinin Ijja ta tsaya tana kallon murfin tajin a kan katanga. Ta ce a ranta, wa ya sani ko shi ma tun farko tarko ne, a ɗaure bakin mace da marmashin gurasa. Ta sauke shi ta kife a bayan tanda. Sanyi ya fara cizo a lokacin, tsuntsaye sun matso gidaje. Tibibit suka zo suka jeru a kan katanga ba komai, gwara suka yi ta tsalle a inda murfin yake. Ɗaya ta shigo har ɗaki ta sauka a kan buhun gari, ta karkata kai tana dubanta. Ijja tana jan carbi, sau uku lissafi yana ɓace mata.

Ba ta taɓa ganin ruwanta a tafki ba. Mai rabo a lambunsa yake tsayawa ya karɓa, kuma duk wanda ya karɓi nasa sai ya kama aikinsa, don haka idan aka zo tsagar ƙarshe ba kowa a sama sai Bihi. Ranar Talata ta buɗe bakunan fangali ta bar su, ta yafa bargo ta hau tudu ta bayan gidaje. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Kwana tara ke nan da kwaɗi suka yi shiru. Ta laɓe a bayan wani ɓaure da ya zubar da ganye, inda take hango cikin tafki duka.

Ruwa ya yi ta sauka. Da ya kai tsaga biyu, Bihi ya duba sanda, ya yi bisimilla, ya ɗaga murya kamar yadda al'ada take, ko da ba mai ji: "Ruwan gidan Mbarak." Ya juya magudana. Ijja ta kafa ido a kan ruwa tana neman inda zai yi juyi, inda tiyo zai ja shi gefen gonar Hajji. Ba juyi ko ɗaya. Sai ga ɗan tsuntsun nan mai fari da baƙi, mai kaɗa jela, wanda ba ya zuwa sai da sanyi. Ya sauka a tsakiyar tafki, ya kama tafiya. Tsaga biyu taƙi biyu ne na hannu, ruwan da zai shanye kaza har kai. Shi kuwa ɗan tsuntsun nan ko cikinsa bai jiƙe ba. Yana ta yawo yana tsattsagar abinci kamar a tsakar gida.

Jim kaɗan laka ta fara bayyana, tudu-tudu, kamar gadon bayan shanu a kwance. Wajen faffaɗan dutsen da ake kafa sanda ne kawai rami mai tsabta. Sanda ba ta yi ƙarya ba, a inda take tsaye tsaga biyu ne cif. Sauran tafkin ne ya cike. Rabon na sama bai taɓu ba, nata na ƙasa ne ya zama taɓo.

Ta fito daga bayan ɓaure. Bihi ya gan ta, bai firgita ba, ya mayar da matoshi ya goge hannu.

"Lalla Ijja, kin bar wakenki ba mai tarbar ruwa."

"Ruwan da ya rage ya san hanya, Dadda Bihi. Mene ne a kwandon nan?"

Ya yaye buhu. Laka ce baƙa. Ya tsuguna a bakin gini ya nuna mata yadda yake yi: ya cusa hannu a hankali, ya ɗebo tafi ɗaya, ya lalube ta da yatsu kafin ya zuba a kwando. A ɗiba ta huɗu ya buɗe hannu. Kwaɗo ne, ya dunƙule, ido rabi a rufe, sanyi ƙalau kamar dutse, maƙogwaronsa ne kaɗai ke ɗan motsi. Ya haƙa rami da ɗayan hannun ya mayar da shi ya rufe. Ya ce kwando ɗaya yake iya fitarwa a rana, ya kai kwazazzabon bayan tudu ya zubar inda ba a gani, ruwa kuwa yana kawo uku.

Sannan ya ba ta labarin da bai taɓa ba kowa ba a ƙauyen, duk da tsofaffi sun san rabinsa. Yana da shekara ashirin da biyu, ƙarfi na tashe, shi ya ja gayyar yasa a wata shekara bayan sanyi ya shiga. Suka yi tsere da samarin unguwar ƙasa, suka tula laka a bakin gini har ta fi mutum tsayi, aka yi ta yabonsa. A daren raɓa ta daskare. Da safe ya hau ɗaukar shebur ɗinsa, ya tarar da kwaɗi sun yi ƙoƙarin fitowa daga tulin, sun sandare a hanya, wasu rabin jiki a waje. Ya ƙirga har ɗari biyu ya daina. Da rani marmaro ya ƙafe, ya shekara uku ba ɗigo, ƙauye ya watse, shi ya tafi dako.

"Limamin wancan lokaci ya ce ba haɗi, fari na Allah ne. Na yarda da shi. Amma ba shi ya ga idanunsu ba."

Ya ce da ya karɓi sanda, yakan sa gayya tun kwaɗi suna kuka, su yi tsalle su ba da wuri. Yanzu kuwa samari duk suna birni, ba sa dawowa sai lokacin zaitun, lokacin kwaɗi sun shiga laka. Ya san ruwanta yake ci. Kowace shekara yana cewa baɗi.

"Karas ɗin fa?"

"Abin da hannuna ya kai ke nan. Na san bai kai fangali ba."

Ya roƙe ta ta yi shiru. A bar su su ce ya sayar, a ba Haddu sanda. Ya san Haddu, zai ce a yashe a ga tiyo, amma ba zai sa ƙafa a laka ba sai ɗumi ya dawo, kafin nan kwaɗi sun fito.

Ijja ta daɗe tana kallon ɗan tsuntsun yana kaɗa jela a bakin ruwan da ya fara taruwa.

"Bakina ne ya jefa maka sunan nan, Dadda Bihi. Gobe kiyama ni za a tambaya."

"Ni ma akwai abin da za a tambaye ni."

"Kowa ya ɗauki nasa," in ji ta. Ta ja bargo ta sauka.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta je gidan liman, ta zauna kusa da matarsa, ta yi magana ta bayan labule. Ta ce ba tiyo, ba ciniki, ko ɗigo bai sayar ba, ita ta yi masa zato kuma tana neman gafara. Liman ya tambaya to ina ruwan yake tafiya. Ta faɗa masa, don ba ta ga hanyar wanke mutumin ba tare da tona lakar ba.

Bayan sallar Juma'a dattawa suka hau tudu da dogayen sanduna suka yi ta caka. Ba su sami tiyo ba, sun sami laka har cinya. Hajji Assu, wanda rijiyarsa ce ke shayar da tuffarsa, ya ce shi ma yana jiran a ba shi haƙuri, ba wanda ya ba shi. Haddu ya ce sata ko tausayi, shekara biyar ana cin ruwan matar yayansa. Gaskiya ya faɗa, kuma Bihi bai musa ba. Kafin a nema ya jingina sanda a jikin gini ya ja da baya. Aka sa gayya ranar Lahadi.

Daga ranar ba wanda ya sake ce masa ɓarawo. Limamin kwaɗi suka koma kiransa, yakan amsa. Ya ƙara ganin sanyi biyu, a na uku aka kai shi makwanci a gangaren da ke kallon tafki.

A al'adar Tiwazar, mai tsagar ƙasa shi ke da lakar yasa, don ta cinye rabonsa ne ta yi ƙiba. Ba takin da ya kai ta. Ta shekara biyar kuwa, da an baza ta a wannan makon, da waken Ijja ya fi na kowa a gangaren. A shekarar wakenta bai yi abin kirki ba. Zayna ta yi ta faɗa a bakin tanda cewa akwai matar da aka kawo wa arziki a bayan jakuna goma sha biyu, ta lulluɓe shi da kara ta zauna tana gadi kamar mai jego. Dalilin Ijja yana cikin abin da ya faru da yamma, a Juma'ar da Bihi ya ajiye sanda.

Ta ɗauko murfin tajin daga bayan tanda ta wanke, ta taka turmi tana mayar da shi kan katanga, duwatsun uku suna ƙin zama. Sai hannun nan ya ɓullo ta waje ya riƙe mata gefe ɗaya har ta tokare. Ta tsaya tana jiran ya yi mata gori, ko ya ce ta kyauta da gatse. Ya yi gyaran murya. Ba sanda a hannunsa, ya rasa inda zai sa ɗayan, sai ya dafa katanga.

"Lalla Ijja, jibi lakar taki ce, ba mai ce miki don me. Ki sa a sauke ta a gindin katangar nan da rana ke fara bugawa, kada a bar ta a bakin tafki ko na dare ɗaya. Ki rufe ta da karan sha'ir mai kauri, in ta fara tsagewa ki yayyafa mata ruwan alwalarki. Na san wakenki yana jira. Amma kada ki sa mata fartanya sai kin ji kwaɗo na farko ya yi kuka."